Baitin Kafinta

A layin bayan tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da katifa, akwai wani ɗan shagon ɗinki da ƙofarsa ba ta rufuwa sai an tallafe ta da gwiwa. Mai shagon ita ce Goggo Ƙaya. Bakinta ne ya jawo mata sunan. Tun tana yarinya a gidan ubanta, wanda maigadi ne a ma'ajiyar siminti, in ka faɗa mata ɗaya sai ta mayar maka da uku, kowace kuma sai ta soke ka. Wajen ƙanwar uwarta ta koyi ɗinki, ta ƙware, amma ba ta taɓa koyon lallashin mai kawo aiki ba. In mace ta kawo yadi ta ce a matse mata ƙugu, sai Ƙaya ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Wane ƙugun? Nuna min inda yake in matse."

Ta auri mai gyaran rediyo, mutum mai mitar tsiya. Zamansu faɗa ne safe da yamma, amma duk wanda ya shiga rabo sai su haɗu su juyo kansa. Suka haifi uku: Dogo, Kumatu, sai Auta. Da suka gina ɗaki biyu da falo a ƙarshen layin, maƙwabcinsu Kafinta, abokin hirar mijin, shi ya buga musu silin, ya bar 'yar ƙofa a kusurwar ɗakin yara saboda gyaran wayar wuta.

Sai shekarar kisan ƙare dangi ta zo. Da magana aka fara. Kullum a rediyo ana cewa ƙabilar su Ƙaya ƙwari ne da suka cinye ƙasa, sai an yi musu feshi. Mijinta yana gyara akwatunan da ake zaginsu a ciki yana cewa, "Surutu ne kawai, zai wuce." Bai wuce ba. Aka datse hanyoyi ana duba katin shaida, wanda aka ga sunan ƙabilar a katinsa sai a ja shi bakin kwata. Safiyar da abin ya iso layinsu Ƙaya ba ta gida. Zazzaɓi ya rufe Auta, wanda yake goye a lokacin, ta bar tsifar kan Kumatu rabi ta ruga da shi asibiti. Wata nas, 'yar ƙabilar masu kisan, ita ta tura ta ɗakin wankin zannuwan gado ta kulle, tana miƙo musu abinci a ɓoye har aka daina.

Da ta fito ta tarar da gidanta a buɗe, ƙofar silin tana reto. Ba ta ga gawar kowa ba. An kwashe su a motar shara zuwa wani rami da har yau ba a tabbatar da wanne ne ba. Sauran labarin a kotu ta ji shi. Mijinta ya hau silin da Dogo da Kumatu. Maharan sun birkice gidan ba su ga kowa ba, har sun juya za su fita, sai Kafinta ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Bai musa ba. Ya dai ce adda aka ɗora masa a wuya. Da alƙali ya tambaye shi yadda aka yi teburin cin abincin gidan ya koma falonsa, ya ce ajiye musu ya yi. Aka ɗaure shi.

Ƙaya ta koma kan kekenta, da shi ta raini Auta har ya gama makaranta ya samu aiki a ofishin ruwa. Ba wanda ya taɓa ganin hawayenta, sai dai bakin ya ƙara kaifi. Duk shekara ana taron tunawa da waɗanda aka kashe a babban zauren makarantar firamare, a yi jawabi, a yi shiru na ɗan lokaci, a watse. Sau ɗaya ta je. Da ta fito mai katifa ya tambaye ta yadda taron ya yi, ta ce, "Sun ce dubbai sun mutu. Ni ban san dubbai ba, uku na sani."

Bayan shekara ashirin da wani abu aka sako Kafinta. Ya dawo kai fari fat, yana jan ƙafa ɗaya. Tsohon shagonsa yana daidai kallon nata, matarsa ce take sayar da gawayi a ciki tun da aka ɗaure shi. Ya share shi, ya fito da bencinsa da zarto. Safiyar farko ya tsallako titi ya tsaya a bakin ƙofarta, ya sunkuyar da kai.

"Goggo, an tashi lafiya?"

Almakashi ne a hannunta. Ta ce, "Koma inda ka fito, tun ban manta abin nan na yanka yadi ne ba."

Ya koma. Ita kuma ta zauna ta hau taka keke kamar za ta karya shi. Ba ta taɓa yin waƙa ba a rayuwarta, ko ta rarrashin yaro, amma ran nan maganar da take cinta a ciki ta bi ƙarar keken ta fito da kanta, da wata murya mai kaushi kamar ana jan kwano a ƙasa:

Mijina mai mita ne, na sani,
Ko ruwa ka ba shi sai ya ce ya yi zafi,
To wa ya ce a kashe mai mita?
Ku ba ni abina in ci gaba da haƙuri.

Mai faci ya ajiye tayar da yake ɓarewa. Washegari ta ƙara baitin Dogo, wanda ya kere ubansa tsawo, wanda ta gaji da ƙara wa wandonsa ƙafa. Bayansa na Kumatu:

Kumatu 'yata ba ta son tsifa,
In na kama kanta sai layi ya ji,
Ran da na fita na tsefe rabi,
Na ce in na dawo mu ƙarasa.

Na ƙarshe shi ne wanda ya raba layin biyu. Ta juya kekenta ya fuskanci titi sannan ta yi shi:

Wanda ya buga silin da hannunsa,
Shi ya san inda ƙofar take,
Ya sha ruwan gidana, ya ci a kwanona,
Ya ɗaga yatsa ya nuna sama.

Ba ta kama suna ba, ba kuma wanda yake buƙatar ta kama. Kafinta ya samo tsohon injin zarto mai ihu kamar ana yanka akuya, da ta buɗe baki sai ya kunna shi, ko da ba katakon da zai yanka. Amma injinsa wuta yake ci, kekenta kuwa ƙafa. Da an ɗauke wuta sai ka ji 'yan tasha suna cewa, "To, yau Goggo ce da fili." Matar Kafinta ta tare ta a famfo, ta ce, "Ke ba kya gajiya? Mutum ya gama zamansa ya fito, me kuma kike so, ransa?" Ƙaya ta ce, "Me zan yi da ransa? Ko faci ba zai yi min ba." Matar ta watsa mata ruwan bokiti, suka kama kokawa, tsofai-tsofai da su, sai da mai katifa ya sha mari a kunne kafin ya raba su.

Sannu a hankali wasu mata suka fara zama a bencin shagon ba tare da sun kawo ɗinki ba. Mai kitso, wadda ita kaɗai ta rage a gidansu. Mai kayan miya, wadda aka kashe mijinta a gabanta. Har da nas ɗin nan, ta bar aiki ta tsufa. Kowacce ta kawo nata mamatan, wannan mai munshari ne, wancan ba ya cin abinci sai ya shinshina, Ƙaya ta daidaita musu maganar ta hau kan ƙarar keke. Mai kitso ce ta samo amshin: "Ina kuka kai su? Mu dai muna nan." Ƙaya ba ta yi musu sauƙi don suna cikin baƙin ciki ba. In mace ta kawo baiti ta ce mijinta bai taɓa ɓata mata rai ba, sai ta ce, "Ƙarya kike yi, na san shi. Faɗi gaskiya ko ki tashi min daga benci."

Labarin ya kai kunnen Hedimasta, wanda shi yake shirya taron shekara. Shi ma an kashe uwarsa da ƙannensa, kuma mutum ne da ake jin maganarsa. Ya zo shagon da kansa, ya zauna, ya saurari waƙar daga farko har ƙarshe, ya cire tabarau ya goge ido.

"Goggo, wannan ya kamata a ji a zaure, ba jawabinmu ba. Ku zo ku yi. Abu ɗaya kawai zan roƙa. Baitin silin nan, a bar shi a shago."

"Don me?"

"Jikokinsa biyu suna makarantata. A benci ɗaya suke zama da 'yar mai kitso. Ba su nuna kowa ba, Goggo. In aka yi wannan a gabansu, gobe ni zan raba faɗa a filin wasa."

"To su san kakansu. Nawa jikokin da Kumatu za ta haifa, a wane benci suke zama?"

"Ni ma an yi min abin da aka yi miki."

"An yi maka. Sai dai kai ba ka buɗe ƙofa kullum ka ga wanda ya yi maka yana goge katako yana fito."

Hedimasta ya miƙe ransa a ɓace, ya ce shi dai ya faɗa, in ta yi baitin zai sa a kashe lasifika. Ta ce ya kashe har da fanka.

Wanda ya fi ba ta haushi ɗanta ne. Auta ya zo da yamma bai ko zauna ba.

"Inna, don Allah ki rufa min asiri. Shugabana a ofis ɗan ƙanwar mutumin nan ne. Ina shiga ake yin shiru. Ni ban san Baba ba, ban san Yaya Dogo ba, amma duk inda na je ni ne ɗan mai waƙar silin. Yaushe za a bar ni in zama mutum kawai?"

Ta dube shi, ga goshin ubansa, ga mitar ubansa. Ta ce, "Ba ka san su ba, shi ya sa nake yi. Ashe aikin famfo ya fi maka uban da ya haife ka."

"Ba haka na ce ba."

"Haka na ji. Fita min, kana tare min haske."

Ta shafe watanni tana tara ƙyallayen da suka ragu daga ɗinkin mutane. Da su ta ɗinka riguna, kowacce daidai jikin wanda ba zai sa ta ba: doguwar riga mai faɗin kafaɗa ta mijin mai kayan miya, 'yan ƙananan riguna na ƙannen mai kitso, wando mai doguwar ƙafa na Dogo. Ba ta auna kowa ba, matan suna kwatanta mata da hannu tana yankawa.

Ranar taron zauren ya cika da rana tsaka, har da masu leƙe ta taga. Bayan jawabai aka jera kujeru a kan dandamali ba kowa a kansu. Matan suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowacce da riga a hannu, ta ɗora ta a kan kujera, ta gyara mata wuya kamar mai shirya yaro zuwa makaranta, ta koma baya ta tsaya. Ƙaya ta fara, matan suna amshi suna buga ƙafa a katakon dandamalin a madadin keke. A baitin mai mita wasu suka yi dariya, suka kuma toshe baki don kunya. A na Kumatu wata mata ta faɗi sai da aka fita da ita.

Da ta ja numfashi za ta shiga na silin, Hedimasta ya ɗaga hannu, lasifika ta mutu. Ƙaya ta ture abin maganar gefe, ta tako bakin dandamali ta yi baitin da muryar da ta saba gasa da injin zarto. Ba wanda bai ji ba.

"Ƙarya kike yi, tsohuwar banza!"

Kafinta ne. Ba wanda ya lura da shigowarsa, yana can baya jikin ƙofa. Ya taho tsakanin kujeru yana jan ƙafa.

"Na yi zamana a gidan yari na gama! Kin san me ya faru ran nan? Kina wurin? 'Ya'yana suna tsaye a bayana, aka ce in ban nuna ba da su za a fara. Da ke ce me za ki yi? Ke da kika shige ɗakin wanki kika yi lamo kina cin abincin asibiti, wa kika ceta? Faɗa wa mutane, wa kika ceta?"

Ran nan ne kaɗai aka taɓa ganin an faɗa wa Goggo Ƙaya magana ta rasa amsa nan take. Ta tsaya bakinta a buɗe, ta dafa kujerar da wandon Dogo yake kai. Sannan ta ce, ba da ƙarfi ba, "Teburin ma addar aka ɗora maka ka ɗauka?"

Zauren ya kece da wata mummunar dariya. Wani ya wurgo takalmi, ba a san wa ya nufa ba, ya samu mai kayan miya a kafaɗa. Dangin Kafinta suka miƙe, matasan ɗaya ɓangaren ma suka miƙe, aka fara ɗaga kujeru. Hedimasta yana ihu ba mai jinsa. Tsohuwar nas ce ta ɗaga murya ta kama amshi, sauran matan suka bi ta, suna yi suna buga ƙafa har rabin zauren ya fice yana zage-zage. A gaban waɗanda suka rage suka ƙarasa waƙar. Auta yana cikin waɗanda suka fice.

Abin bai tsaya a zaure ba. Da safe ta tarar an watsa wa ƙofar shagonta baƙin mai. Masu kawo ɗinki daga ɗaya ɓangaren suka zo suka karɓe yadukansu ba a ɗinka ba. Abin da Hedimasta ya faɗa kuma ya faru: aka fasa wa jikan Kafinta baki a filin wasa, uwarsa ta cire shi daga makarantar. Da aka gaya wa Ƙaya ta ce ba ita ta aiki kowa ba, amma ranar ba ta taka keke ba. Auta ya nemi canjin wurin aiki ya koma wata unguwa, ya daɗe bai tako layin ba, sai da matarsa ta haihu ta matsa masa.

Maganar Kafinta ta zauna mata a wuya. Mai kitso ta ce ta manta da shi, ta ce ba za ta manta ba. Sai da ta mayar da ita baiti sannan ta samu ta ci abinci:

Ya ce in faɗa wa mutane wa na ceta,
Na ceci guda, yana bayana a goye,
Biyun da na bari na bar wa ubansu,
Da maƙwabcin da muka yarda da shi.

Shekarar da ta biyo ba a gayyace su zaure ba. Suka kwashe kujerun gidajensu suka jera a filin bayan tasha inda ake wankin motoci, suka yi abinsu. Mutane ƙalilan suka zo. Shekara ta gaba suka ƙaru, wasu daga unguwanni masu nisa, kowa da rigar mamacinsa da baitinsa, har waƙar ta yi tsawon da ba a gama ta sai an zauna an huta. Hedimasta bai ƙara yi mata magana ba, amma wata shekara aka ga ya aiko ƙanwar matarsa da zanin uwarsa a ɗora a kujera. Ƙaya ta karɓa ta ce, "Ki ce masa ƙafarsa ba ta karye ba."

Ita da Kafinta suka tsufa suna kallon juna ta tsallaken titi, ba gaisuwa, ba sannu. Idonta ya yi rauni har ta daina yanka yadi. Shi kuma ciwon ɓarin jiki ya kama shi, aka sayar da injin, aka riƙa fito da shi bakin shago a kujera ya sha iska, har ya mutu. Ba ta je gaisuwa ba.

Bayan an share makoki babbar 'yarsa ta zo shagon. Mace ce mai kamun kai, tana sayar da magani a bakin asibiti. Ta durƙusa ta gaishe ta.

"Goggo, Baba ya tafi, yana gaban wanda zai tambaye shi. Na zo roƙo ne. Baitin nan, a bar shi haka nan. Mu ne muke jinsa yanzu, ba shi ba."

Ƙaya ta matso da fuskarta don ta gan ta sosai. Wannan ita ce ƙawar Kumatu, sa'arta, tare take ɗinka musu kayan makaranta daga yadi ɗaya. Ga shi furfura ta fara fito mata a gefen ɗankwali.

"Har kin yi furfura," in ji Ƙaya.

"Na yi, Goggo."

"Kin aurar?"

"Na aurar da biyu."

Ƙaya ta sunkuyar da kai tana murza bakin zaninta. Matar ta ɗauka ta yi laushi, har ta ɗago kai.

"Ubanki a gadonsa ya mutu, kuna kewaye da shi. Kin san inda aka sa shi, in kin ga dama gobe ki je ki tsaya a kai. Ni nuna min inda zan je in tsaya, sai in bar baitin."

"Ina bayansa ran nan, Goggo. Na ga addar da idona."

"Na yarda kin gani. Shi ya sa kike nan kina furfura."

Matar ta miƙe, idonta ya kaɗa ya yi ja. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ba ki da tausayi ko kaɗan. Allah ya isa tsakaninmu da ke."

"Na riga ki faɗa, 'yar nan. Gyara min labulen in kin fita."

A taron wannan shekarar ƙafafunta ba su iya tsayuwa ba, sai kujera aka sa mata a gefen na rigunan. Muryarta ta dushe, mai kitso ce ta ja waƙar. Da aka iso wurin silin mai kitso ta ɗan yi jim, ta waiwayo ta dube ta. Goggo Ƙaya ta buga sandarta a ƙasa, ta fara baitin da kanta.